Maganin Atishawar Saude

Wani tela a Funtuwa, Tanimu, ya shiga damuwa da matarsa Saude ta sami ciki. Darbejiyar ƙofar gidansu na fara fure sai atishawa ta sarƙe ta, ido na ƙaiƙayi, hanci na yoyo. Duk ta yi atishawa, gani yake jaririn zai girgizo.

Ya garzaya kemis. Mai kemis ya ce shi ba ya ba mai ciki irin wannan magani sai an ji ta bakin asibiti, don ba kowanne ne ke dacewa da ita ba. Tanimu ya shiga lissafi. Miji da mata ai abu guda ne, cikin ma nasa ne. Sai ya ce to a ba shi, shi zai sha mata.

Haka kuwa aka yi. Kullum ya ci tuwo sai ya haɗiyi ƙwaya, ya matso kusa da ita don maganin ya ratsa ta, nan take barci ya yi awon gaba da shi. Har a kan keken ɗinki gyangyaɗi yake, ya ɗinke wa wani kwastoma wuyan riga ruf.

Ranar awo ya raka ta, ƙirji a gaba. Duk tambayar da malamar asibiti ta yi wa Saude, shi ke cafewa ya amsa. Ya bayyana mata dabararsa tiryan-tiryan, ya ce tunda ya fara sha bai ƙara jin atishawarta ba, ko ɗaya.

Bai rufe baki ba Saude ta saki wata atishawa da ta kusa ture ma'aunin jini daga kan tebur.

Malama ta cire tabarau ta ce, "Malam, ita ke da ciwo, kai ke barci. Akwai wanda muke ba masu ciki, da kun zo tun farko da ta huta. Kai kuma daga yau ka daina sha."

Tanimu ya buɗe baki zai kawo hujja, Saude ta riga shi.

"Malama, ki rubuta min nawa, na gode. Amma don Allah kar ki tsayar masa da nasa, shi ma ina jin amfaninsa."