Kyanwar Tsoho Verner

A shekarar da gwamnati ta ce a kashe duk mink ɗin ƙasar saboda korona, ƙauyenmu na arewacin Jutland ya yi tsit. Maƙwabcina Verner a kiwon waɗannan 'yan dabbobi masu laushin gashi ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Taurin kai ne da shi na bugawa a jarida, ga huhu ya daɗe da lalacewa. Ranar da za a zo kan garkensa, ina tsaye bakin shinge jikarsa Thyra ta sauko daga keke da ledar kifi.

"Lafiya lau na kwana, ja'ira," in ji shi. "Ina saƙona? Ko kin cinye a hanya?"

"Ga shi, tsoho mai ran ƙarfe. Kai da ba haƙori, ɗanyen kifin na wa?"

"Na kyanwata."

"Yaushe ka yi kyanwa? Kai da ko ni ba ka iya ciyarwa?"

"Ke ai ciyar da ke asara ce. Dube ki, sai ka ce sandar tuta."

"Kyanwar ce ke wannan warin a ɗakin itace?"

"Safata ce."

"Safar ce kuma ke karce akwati?"

A daidai lokacin motar ma'aikatan gwamnati masu fararen kaya ta kunno kai.

"Mink guda ɗaya ce tak," Verner ya ce ƙasa-ƙasa. "Jinin wadda na fara kiwo da ita ce, tun ba a haifi babanki ba. Ta fi ki kyau, ta fi ki ladabi."

"Na yarda ta fi ni. In ta shafa maka ciwon fa? Wa zan riƙa tsokana ran Lahadi?"

"Sai ki huta."

"Na ce maka na gaji ne?" in ji ta. "Ba zan tona ka ba, Kaka. Amma asibiti ba sa barin kowa ya shiga. Ta taga kake so mu yi ban kwana?"

Ya dube ta, ya dubi motar. Ya shiga ɗakin itace ya fito rungume da akwatin, yana wata dariya da ban ji daɗin jin ta ba.

"Ungo tukuicin aike, mummuna. Ke ki miƙa musu, ni ƙafata ba za ta kai ba."

Ta karɓa hannu bibbiyu. Har ta juya ya kamo hannun rigarta.

"Dakata. Bari ta ci kifinta tukuna."