Rasuwar Firosesan Gwajin da Kawu Ya Kawo Cikin Gidan Sabulu

Da zuciya mai nauyi, da kuma haushin da tarbiyya ta hana a fito da shi duka, gidan Malamin lissafi na sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar firosesan kwamfutarsu, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke yi mata tunani. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a kan teburin falo, bayan jinyar da ya fara tun ranar da ya shigo gidan.

Mutanen gidan uku ne. Akwai Malam, wanda ba ya iya ganin kuskure ya wuce bai gyara ba, ko a allon shagon wani ne. Akwai matarsa, ma'aikaciyar jinya. Sai Auta, 'yar sakandare, mai zana 'yan mutane a kwamfuta ta sa su motsi. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne kwamfuta mai ƙarfin da za ta haɗa zanen Auta ya zama fim, a shigar da shi gasar makarantu kafin a rufe karɓa.

Malam ya yi niyyar sayen firosesa na kanti, mai matsakaicin ƙarfi, cikin kwalinsa, da fankarsa, da takardar garanti. Sai labari ya kai kunnen Kawu, yayan matar gidan, mutumin da bai taɓa sayen abu a inda jama'a ke saye ba. Washegari ya iso da gidan sabulu a aljihu, ya buɗe, ga marigayi kwance a auduga.

"Haba Malam," in ji shi, "kwali za ka saya ko ƙarfi? Wannan irin wanda masana'anta ke ɓoye wa kanta ne. Bai ma fito kasuwa ba."

Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, ita kaɗai. Malam ya juya abin, bai ga suna a bayansa ba, sai rubutun da ke cewa sirrin kamfani ne, da wasu haruffa. Ransa bai kwanta ba, amma yayan mata ne, kuma Auta na tsaye idonta na ƙyalli. Ya karɓa, har da godiya.

Ga asalin marigayi, ga wanda bai sani ba. Kafin kamfani ya fitar da sabon firosesa, yakan ƙera 'yan fari ya ara wa masu yin madabod, wato farantin da ake dasa komai a kansa, su gwada su gano aibunsu. Aibin da aka gano, a jikin ƙannen da ke tafe ake gyara shi. Ƙannen nan su ake raɗa wa suna, a sa a kwali, a kai kanti, kamfani ya tsaya musu. 'Yan farin kuwa da aibunsu suke zama, kayan kamfani ne, ba na sayarwa ba, a mayar ko a lalata. Yadda namu ya zille daga ɗakin gwaji ya faɗo aljihun Kawu, har yau ba wanda ya yi bayani. Ko kwamfutar ma, da aka tambaye ta sunansa, sifili ta jero.

An so a ambaci kyawawan halayen mamaci, kuma gidan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. A takarda ƙaƙƙarfa ne, a aiki kuwa tafiyarsa ba ta kai ta ƙanensa na kanti ba, don ba a gama saita gudunsa ba aka sallame shi. An haɗa shi da ram biyu, wato 'yan allunan da ke riƙe masa aikin da yake kan yi, ya karɓi ɗaya, ya ƙi gaisawa da ɗayan. In aka sa shi barci ba ya farkawa sai an zare waya daga bango. Ya ɗumama falo iya gwargwado, kyanwar gidan za ta shaida. Babban alherinsa shi ne ya koya wa Auta adana aiki bayan kowane layi da ta ja, don bai taɓa sallama kafin ya ɗauke ba. Ba za a manta da muryarsa ba: fuuu na fanka in an ba shi aiki, ƙit in ya gaji, sai shiru.

Ciwon ajali ya zo ta hanya mai ban takaici. Fim ɗin Auta ya kusa kammala, ranar Alhamis da yamma za a rufe karɓa. Ran Laraba tana makaranta, Malam ba shi da aji da safe, ya zauna ya ga jan rubutu a gefen kwamfuta, wai akwai sabuwar manhajar madabod. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da jan biro ba ya barin jan rubutu ya kwana. Ya ce bari ya gyara wa yarinya wuri kafin ta dawo, ya danna. Manhajar nan ita ke ɗauke da jerin firosesocin da madabod ya sani. Tsohuwar tana da marigayi a ciki, tun zamanin gwaji. Sabuwar ta share shi, don a wurin masu yin ta gwaji ya ƙare tuntuni. Kwamfuta ta mutu ta taso, ta ce tit, tit, tit, fuskarta ta yi baƙi.

Gidan na so a fahimci cewa wannan sabuntawar firosesan kanti na shanye ta kamar ruwa. Malam ya san haka. Bai hana shi kasa cin abincin rana ba.

Mai gyaran bakin titi ne ya tabbatar da rasuwar. "Ba ƙonewa ya yi ba, Malam. Madabod ne ya daina saninsa, kuma wannan ba ya komawa tsohuwar manhaja." Aka yi zancen garanti, ya yi murmushi. "Ku kai wa kamfani, tambayar farko ita ce a ina kuka samo kayansu."

Wayar wanda ya sayar wa Kawu a kashe take. Kawu da kansa ya zo jaje, ya dubi gawar ya ce, "A hannuna dai lafiya lau yake."

"Yaya," in ji ƙanwarsa, "a hannunka ai cikin gidan sabulu yake."

Zanen bai ɓata ba, yana cikin faifan ajiya. Ran Alhamis Auta ta zauna a shagon mai gyara, kwamfutarsa mai firosesan kanti ta kama haɗa fim ɗin tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta gama bayan an rufe karɓa. Malam na tsaye a bakin shago yana duban agogo har agogon ya daina amfani. Suka dawo gida yana riƙe da jakarta.

Marigayi ya bar madabod ɗaya da ya yi masa butulci, ram biyu waɗanda ɗayansu bai san shi ba, fanka da ta tsufa kafin lokacinta, da fim ɗin da alƙalan gasa ba su gani ba.

Za a yi masa rakiya ranar Asabar da la'asar. Za a mayar da shi cikin audugarsa da gidan sabulunsa, Malam ya kai shi kabad ɗin aji, inda zai yi aikinsa na farko mai amfani, wato zama abin nuni ga ɗalibai. Kafin nan za a haska fim ɗin Auta a falo, da sabon firosesa mai suna da kwali. An ware wa Kawu kujerar gaba. Ana roƙon masu zuwa jaje kada kowa ya zo da wani abu a aljihu.

Da Malam ya fara ba Auta haƙuri, ta tare shi. "Na gane, Baba," in ji ta. Ta ce an ƙera marigayin ne don a gano inda zai lalace, ba a gama ganowa a masana'anta ba, sai aka ƙarasa a gidansu.