Kaji Sun Yi Ƙiba, Kaka Ta Rame

"…Lafiya lau, sai sanyi, sai kuma takaicin miji irinka. Shigo ka rufe mini ƙofa, kada iska ta ƙarasa abin da ka fara."

Haka Kaka ta amsa gaisuwar jikanta makaniki, wanda ya biyo daga gareji da baƙin mai a farce. Tana ƙudundune cikin bargo, kai kaɗai ke leƙowa. Tun shigowar sanyin bana take zubewa, abin ba kyan gani. Haƙora sun yi sallama, nama ya gagara, likita kuwa ya ce a riƙa zuba mata garin waken suya a miya da duk abin da za ta sha, ko jiki ya samu abin ginuwa. Babban ɗanta ya riga ya yanke magana: in aka koma asibiti ƙarshen wata nauyinta bai ƙaru ba, zai kwashe ta zuwa gidansa na bene a kulle ɗakin nan. Ita kuwa a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan mijinta ya cika, ba ta san wani rufi ba sai wannan.

Jikan ya buɗe robar garin da ya kawo makon jiya, ya tarar da ita fayau. Daɗi ya kama shi.

"Kai, tsohuwa! Ashe bakin ne kawai ya tsufa, cikin yana nan da ƙuruciyarsa. Kin cinye tas?"

"An cinye."

"An cinye, ko kin cinye?"

"Kai alƙali ne? An ci, an gode, an goge baki."

Goge bakin nan ne ya tsaya masa a rai. Ya ɗaga labulen taga ya leƙa tsakar gida. Ga kajin Kaka nan suna tafiya da ƙyar, ƙirji a gaba, gashi na sheƙi kamar an shafa musu mai. 

"Kaka! Kaji kika bai wa?"

"To wa zan ba? Tun kafin a haifi uwarka nake kiwo, kuma abin nan abincin kaji ne, da shi ake haɗa dusa. Ka auri mace ka kasa kawo mata nama, sai ka kawo mata dusa a roba mai murfi?"

"Naman da na kawo kwanaki fa? Tun safe kike tsotsar tsoka ɗaya har la'asar, a ƙarshe kyanwa ta gaje ta."

"Ja'iri! Tayar mota ka yanko, ka zata ban gane ba."

"To ranar asibiti sai mu ɗora zakaran a sikeli, mu ce wa likita ga ki nan kin yi fuka-fuki."

"Da ya fi ka kyau a hoto."

"Wallahi ki kiyaye ni. Sabo da kaza ba ya hana yankan ta. Gobe in zo da wuƙa, garina ya dawo ta miya."

"Taɓa ɗaya ka gani. Su kaɗai ke amsa mini in na yi magana a gidan nan."

 Sai ya ciro ƙullin garin da ya zo da shi yau, ya kunna risho, ya ɗora miyar da maƙwabciya ta aiko da rana ba a ko taɓa ta ba. Ya dama garin da ruwa, ya zuba, yana juyawa kamar mai haɗa fenti. Da ta miƙo hannu ta gyara bargo ya ga awarwaronta ya zame har gwiwar hannu.

"Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, amarya. Ki ci, ki yi kumatu, in fita da ke a ga ban yi asara ba."

"Rijiyar me ta rage mini in ja? Waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya duk sun tafi. Ka ajiye wa mutum abinci ka juya, shi da bango. Loma ta isa maƙogwaro ta tsaya, ta ce ina sauran?"

"A gidan Kawu ai akwai jama'a."

"Akwai talabijin. Kowa ya fita tun safe, a bar ni a sama kamar shanya. Can ko kaza ba zan ji ba."

Ya zuba miyar kan shinkafar da aka aiko tare da ita, ya ɗauko cokali biyu, ya zauna a ƙasa kusa da gadonta. Shi ya fara kai loma, ya yamutsa fuska, ya haɗiye.

"Ɗanɗana ki ji. Ko a otal sai haka."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya, na ga idonka ya kawo ruwa."

"Hayaƙin risho ne."

Ta karɓi cokalin. Ta ci, ta sake ci, ta kuma, sai dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Gishiri bai ji ba, garin ya yi gudaji. Allah ya isa tsakanina da wanda ya ba ni kai. To na ji, ka ci nasara, zan ci dusarka. Amma sai in kana zaune."

"Kullum in na tashi daga gareji zan biyo."

Su duka biyun sun san aikin gareji ba shi da lokacin tashi, ƙarshen wata kuma ya ƙarato.  Ta ture kwanon da fiye da rabi a ciki, ta lalubi ƙarƙashin matashi, ta ciro mabuɗi ɗaure da zare ta danƙa masa.

"Ungo tukuicin girki."

"Yau kuma gado ake raba mini tun da ranki? Ina takardar fili?"

"Rufe mini baki. Na ƙofar nan ne. In ka zo ka yi sallama ka ji shiru, kada ka tsaya jiran in amsa. Ka buɗe ka shigo."