Rasuwar 'Yar Baƙa, Fiyanon Ja'afaru na Zurgu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya yi nauyi, iyalan Ja'afaru na Zurgu ta ƙasar Rano suna sanar da jama'a rasuwar fiyanonsa mai aiki da batir, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hannun mai ita.

Marigayiya baiwar Allah ce mai kunya. Ba ta tashi da makunni kawai kamar rediyo. Sai Ja'afaru ya danne farin maɓalli na can ƙarshe da hannun dama, baƙi na farko da hagu, sannan ya sunkuya ya taɓa makunnin da haɓa. A nan za ku ji ta ce "tilin-tilin", kamar mai amsa sallama.

Ta sha kulle, jama'a. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a dattawan unguwa suka ce a jingine kiɗa a biki, ta koma cikin rumbu da zama. Can Ja'afaru yake bin ta in ya taso daga gona, ya toshe mata baki da matashi, yana ɗura mata kiɗan kalangu da na ganga da ya haɗa da kansa. Bai rubuta ko ɗaya ba, duk a cikinta suke. Ita ma ba ta taɓa tona shi ba.

Ana nan sai lokacin zaɓe ya zo. Wani ɗan takara daga Kibiya ya ji labarin Ja'afaru, ya ce masa ya shirya, mota za ta kai shi Kano a naɗi waƙa. Yaron da bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba! Sai dai muryar marigayiya ta saba da raɗa. Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Rano ya rantse masa cewa akwai wasu maɓallan sirri da in an danne su wajen kunnawa, muryarta za ta cika fili. Yatsun Ja'afaru ba su isa ba, ya haɗa da gwiwar hannu.

Ta ce "tiiii". Shi ke nan. Kalangu ya tafi, ganga ta tafi. Wani rubutu ya tsaya a fuskarta, ba ya gaba ba ya baya. An cire batir an mayar, an shanya ta a rana, an danna duk abin da yake dannuwa. Ta ƙi fitowa daga inda ta shiga.

Ta rasu ta bar batirin mota guda, da wayar wuta mai ɗauri uku, da matashin da ya yi mata hidima. Ta bar Ja'afaru, wanda har yanzu in ya zauna sai ka ga yatsunsa suna tafiya a kan cinyarsa.

Za a naɗe ta a buhun taki bayan la'asar, a mayar da ita rumbun da ta yi rayuwarta. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya sake kawo shawarar abin da za a danna. Mai son yin ta'aziyya ya sami Ja'afaru a gonar gyaɗa, ya taho da fartanyarsa. Motar Kano ta tashi tun jiya, da wani makaɗin daga Fassi.