Rasuwar Ƙi-Nitso, Babbar Firigat ta Bohol ɗin Gudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe, Baba Manniru Mai Rundunar Ruwa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masu shigar abokan arziki, rasuwar babbar kurar ruwansa, Firigat Ƙi-Nitso. Ta cika ranar Talata da hantsi a gangaren bayan kasuwar Gudu, tana bakin aiki, da jarka goma sha huɗu a gadon bayanta.

Wanda bai san mai sanarwar ba, baƙo ne a Abuja. Baba Manniru bai taɓa zama a aji ba, amma ƙuruciyarsa kaf a cikin jirgin yaƙi ya yi ta a Legas, yana dafa wa sojojin ruwa abinci. Sau biyu teku ta haɗiye shi, sau biyu ta tofar da shi don ta ji ɗaci. Tukunyar gas ta taɓa fashewa a gabansa, gira kawai ta samu. Daga can ya dawo da ilimin da babu shi a takarda, wato jirgi ba ya zama jirgi sai da aji da suna da matsayi.

A kan wannan ƙa'ida ya kafa rundunarsa ta kurar ruwa, kowace da ajinta irin na jiragen yaƙi. Mai jarka goma sha huɗu firigat ce. Mai goma kobet ce, ana raɗa mata sunan kogi. Mai shida jirgin sintiri ce, lamba kawai ake ba ta, don ƙaramin jirgi bai kai a yanka masa rago ba. Babu distiroya, gagarumin jirgin yaƙi, a rundunar, domin Baba ya ga distiroya da idonsa, ba zai yi wa kura ƙarya ba. Kuma kamar yadda ake yi a teku, ta fari ce ke ba aji sunanta. Duk kurar da aka ƙera a kan awon marigayiya, 'yar ajin Ƙi-Nitso ce har abada.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da cin giris. Tun daga kwana masu abinci ke gane muryarta, ƙiiƙ-ƙaƙ, ƙiiƙ-ƙaƙ, sannan ƙararrawarta ta ce ƙilin, su fito da robobi. Ruwan damina ya taɓa jan ta har cikin kwalbati, ta fito da jarkokinta cif. Masu kamen kaya sun ɗaga ta za su jefa mota, sai ciwon baya ya kama ɗayansu, suka ajiye ta.

Amma babbar darajarta ita ce layi. Ranar da Madam Angela ta buɗe bohol ɗinta, Ƙi-Nitso ce ta fara tara jarka a bakin famfo. Tun ranar aka tsayar da magana a gaban shaidu: Ƙi-Nitso a gaba, rundunarta a bayanta, sannan sauran jama'a. Kowa ya san tanki da safe yake cike, kafin azahar an ɗauke wuta famfo ya koma tari. Mai gaba shi ke samun masu abinci. Da wannan gaba magidanta takwas ke ci, su aika wa iyalansu a gida.

Game da ciwon ajalinta, Baba ba ya zargin kowa. Yana dai faɗin abin da ya gani. Sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyinta ce ta karye. Ƙarfe idan tsufa ya ci shi, yagewa yake yi kamar rake. Wannan kuwa rabinsa sumul yake, kamar an bi shi da zarto, ragowar rabin ne ya yage. Salisu, kyaftin ɗinta mai tura ta, ya ce rami ya faɗa. Baba ya bi gangaren sama da ƙasa da sandarsa, bai ga ramin da ya isa karya ƙafar kaza ba. An kuma ga Salisu ranar Lahadi yana shan farfesun da ba aljihunsa ya saya ba.

Kure mai walda, likitan da aka kira, ko durƙusawa bai yi ba. Daga tsaye ya ce, "Baba, wannan ta mutu, ka bari in kira 'yan gwangwan." Likitan kirki yakan taɓa mara lafiya kafin ya kira masu haƙa kabari.

Sai Oga Friday, mai kuraye a ɗaya gefen bohol, wanda ya daɗe yana bin bayan marigayiya a layi. Shi ne farkon zuwa ta'aziyya, tun ruwan jarkokin bai gama bin kwata ba, tun Baba kansa bai gama jin labari ba. Ya cire hula, ya ce, "Sannu Adimiral, Allah ya ba da haƙuri. Gobe wa zai fara ɗiba?" Baba ya gode masa da saurin ƙafa.

Shi Oga Friday yana yawo yana cewa rundunarsa ashirin da uku ce, ta Baba tara, yanzu takwas, don haka gaba nasa ne. A sani cewa cikin ashirin da ukun nan har da baro biyu, da huɗu da ke kwance ba taya, da na aro daga Kwali. Duka ya kira su firigat, har mai jarka shida, ya manna musu sunayen 'ya'yansa, Precious da Prudence da Monica, da suka ƙare ya koma Precious ta biyu. Manyan ƙasashen duniya ma wannan gardamar suke yi, Baba ya ji a rediyo. Wannan ta ce jiragenta sun fi yawa, waccan ta ce nata sun fi nauyi. Wanda ya kwana a teku ya san ba a ƙirga runduna da baki, sai da abin da zai iya fita gobe da safe da kaya a bayansa.

Marigayiya ta bar ƙanwa ɗaya 'yar ajinta, Firigat Ƙi-Juya, da kobet uku, Gurara da Usuma da Mada, da jiragen sintiri huɗu, Lamba Ɗaya zuwa Lamba Huɗu. Ta bar Salisu, wanda aka sauke daga kyaftin zuwa Lamba Huɗu har sai ya tuna inda ramin yake. Ta bar Baba Manniru, wanda teku ba ta ci ba, balle kwatar Gudu.

An ji Madam Angela ta ce matacciyar kura ba ta da layi. Baba yana girmama Madam, amma ba ta taɓa shiga jirgi ba. Jirgin yaƙi yana cikin runduna matuƙar ba a sauke tutarsa ba, kuma ba mai sauke tuta sai kwamanda. Tutar Ƙi-Nitso tana nan ɗaure a hannun kurar. Suna kuma ba ya shiga kabari, sabon jirgi ke gadonsa. Yarjejeniyar da aka yi, da sunan Ƙi-Nitso aka yi ta.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Gobe bayan sallar asuba za a ɗauko gawar a kafaɗa, a ajiye ta a mazauninta na kullum, a bakin famfo, da sarƙa da kwaɗo saboda masu yawan son ta. Nan za a yi zaman makoki, Baba a kan kujera a gefenta, iyalanta takwas a bayanta suna ɗibar ruwa bi da bi don yi mata sadaka. Ba za a tashi ba sai an gama ƙera sabuwa a wajen wani mai walda a Ushafa, wanda bai san kowa a Gudu ba. Ranar za a cire allon sunanta da ƙararrawarta a ɗaura wa magajiya, a sauke tuta nan a ɗaga can, ba tare da famfo ya ga gurbi ba.

Ana gayyatar kowa. Masu zuwa ta'aziyya da kura, musamman masu ashirin da uku, ana roƙonsu su tsaya inda mutunci ya ajiye masu rakiya, wato bayan gawa.