Rasuwar Babban Wandona Bayan Harajin Lemo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Deraman bin Jusoh na garin Pasir Mas nake sanar da 'yan'uwa da abokan shan lemo rasuwar baƙin wandona, wanda ya faɗi ranar Asabar a gidan biki bai tashi ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Tun yana sabo yake riƙe da tumbina, bai taɓa kai ƙara ba. In na zauna sai dai ya ce "ƙiiit" a hankali.

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da gwamnati ta ɗora haraji a kan lemon gwangwani, wai don a rage ƙiba. Matata Senah, wadda likita ya riga ya tsoratar da ita da maganar ciwon sukarina, ta samu mai taya ta faɗa.

"Baban Wan," in ji ta, don da sunan ɗanmu take kirana, "ka ji ko gwamnati ma ta gaji da cikin nan naka. Ni da wa zan zauna in sun yanke maka ƙafa?"

Daga ranar ba lemo, sai ruwan ɗumi. Ina ramewa, marigayin yana zazzagowa. Na kai shi wurin tela Che Mat, ya ɗaga shi ya duba, ya girgiza kai.

"Ku koma da shi gida. Wannan ba ragewa yake so ba, gado ya kamata a raba."

Ranar auren 'yar maƙwabcinmu aka ba ni tukunyar shinkafa in kai rumfar baƙi. Hannuwana biyu na kan tukunya, ina daidai gaban surukan amarya, sai na ji iska. Ya tafi salin-alin, ko "ƙiiit" ɗin bai samu ya ce ba. Shinkafa dai ba ta zube ba.

Ya bar bel guda mai sababbin huji, da aljihu biyu, da ni, da yanzu nake hawa matakala ba haki, abin da ban roƙi kowa ba.

Za a yi masa sutura gobe da hantsi. Senah ce za ta sa almakashi. Ƙafar dama za ta zama rigar matashin kai, ta hagu kuma tsumman goge babur.

Za a karɓi gaisuwa a gida, da shayi ba sukari. Duk mai ƙaunata tsakani da Allah ya ɓoyo gwangwani ɗaya a cikin riga, ya same ni bayan kejin kaji.