Doka Mai Furfura

Wani ne maƙwabcinsa tela ya kai shi ƙara ana saura kwana biyu a tafi hutun ƙarshen shekara. Saiwar mangwaronsa ta tsaga wa tela katanga, tela yana so a sare bishiyar. Kotu ta sa ranar da za a dawo aiki. Mutumin ya zaga ofisoshin lauyoyi huɗu, kowanne da kwaɗo a ƙofa. Sai ya ce ai lauya ba da doka a ciki aka haife shi ba, a littafi ya gani. Ya nufi babban ɗakin karatu na lauyoyi.

Ya tarar da maigadi yana gyangyaɗi, an kife kujeru a kan tebura, fanka ɗaya ce tak ke juyawa. Ma'aikata duk sun watse sai wata dattijuwa da hutun bai faɗo kanta ba. Tana zaune da tabarau a karan hanci, tana cin ragowar biskit ɗin walimar ofis.

Ya ce, "Malama, dokar bishiya nake nema."

Ta nuna masa kantar littattafai ta uku, ba ta ko ɗago ba. Ya zaro littafin, fes da shi, bugun bara. Ya karanta sashen, ya ga tela ne da gaskiya. Ya mayar da shi kamar ya taɓa wuta.

"Wannan ai yarinya ce. Ba ku da babba?"

"Babba kamar yaya?"

"Mai shekaru. Wadda ta san abin da duniya ke ciki."

A tsakiyar zauren akwai akwatin gilashi da aka jera tsofaffin dokoki don baƙin hutu su kalla, su ga yadda shari'a ta faro. Baƙo ko ɗaya bai zo ba sai shi. Idonsa ya faɗa kan wani kundi mai bangon fata, gara ta ci gefensa, ya haura shekara ɗari da hamsin. Ya cire hula.

Dattijuwa ta ce, "Bawan Allah, wannan na kallo ne. An soke dokar tun kakanka bai yi haƙori ba."

"Wa ya soke ta?"

"Majalisa."

"Shekararsu nawa?"

Ta dube shi ta saman tabarau. Zaman kaɗaici ya ishe ta, ga nishaɗi ya kawo kansa har gida. Ta buɗe akwatin, ta ba shi safar hannu, ta ce kada ya lashi yatsa in zai juya shafi.

Kwana shida yana zuwa. Maigadi har ya fara ajiye masa kujera kusa da fanka. Ran na shida ya yi ihun da ya tayar da maigadi tsaye. Ya samo sashen da ya ce bishiyar da mutum ya dasa da hannunsa ba a sare ta sai da yardarsa. Ya kwafe shi kalma da kalma, har da wuraren da gara ta cinye, ya bar musu gibi.

Da ya koma gida ya leƙa ta tsagar katangar ya ƙwala wa tela kira.

"Maƙwabci, ka je ka nemi lauya mai furfura. Dokar da na riƙe ta haifi taka."

Tela ya cire allura daga baki ya ce, "Allah ya ba ka lafiya."

Matarsa ta ce, "Maigida, da ka gyara masa katangar nan mun huta."

Ya ce, "Ke, ana maganar manya."

Ranar shari'a alƙali ya shigo fuska a murtuke, irin ta wanda hutu bai ishe shi ba. Takardu sun taru a gabansa har sun kai masa haɓa. Lauyan tela ya karanta dokar bara a minti biyu ya zauna. Mutumin ya miƙe, ya sa safar hannu, ya warware takardarsa, ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya zo gibi sai ya yi shiru na girmamawa, sannan ya ci gaba.

Alƙali ya ce, "Ta wace shekara ce wannan?"

Ya faɗa, yana duban jama'a. Magatakarda ya sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa na rawa.

"Ka san an soke ta?"

"Haka aka ce, ranka ya daɗe. Amma a gidanmu, in babba ya yi magana, ƙarami ba ya sokewa. Ta bara ta tashi ta ba ta kujera."

"Malam, ni da ta bara nake aiki."

"To, ranka ya daɗe, ba raini ba, kai ma ka yi wa maganar nan ƙanƙanta. Ina roƙo a mayar da shari'ata gaban alƙalin da ya san dokar."

Alƙali ya ɗauki alƙalami ya fara rubutu.

"Kotu ta amince. Na ƙarshen alƙalan da suka san ta ya rasu shekara ɗari da suka wuce. A sare bishiyar yau. Kai kuma, in ka isa can, ka ɗaukaka ƙara."